Filin Mata: Man Aduwa Don Hunturu

Ga hunturu ya kawo jiki, lokacin kaushi da faso.

A ƙasashen sanyi, kamar Sin da Rasha, akwai wata ƙaya mai ƙananan 'ya'ya ruwan lemo, ana tatsar man shafawa daga cikinsu. Ba ta jure zafin ƙasarmu. Amma mu ma Allah ya ba mu tamu ƙayar, wato aduwa, wadda take ko'ina a gonakin Kademi, har zuwa Gaya da Ajingi.

Ga yadda ake yi. Ki tsinto 'ya'yan da suka faɗo, ki jiƙa, ki wanke naman, ki shanya ƙwallon. In ya bushe ki fasa da dutse, ki fid da ƙwayar. Ki soya ta sama-sama, kada ta ƙone, ki daka lukui. Sa'an nan ki riƙa yayyafa ruwan ɗumi kina murzawa kamar mai ƙuli-ƙuli, har mai ya fito. Ki tace da tsabtataccen ƙyalle, ki zuba a kwalba. A shafa bayan wanka, tun jiki da danshi.

Abin baƙin ciki shi ne, masu gawayi suna sare itacen nan, alhali sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya yi 'ya'ya. Ki roƙi maigida ya bar na gonarku. Ku kuma 'yan makaranta, kowacce ta shuka ƙwallo guda da damina, ta yi masa shinge saboda awaki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.