A Sauke Farantan da Suka Daina Aiki Tun Kafin Iska Ta Sauke Su

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Rano da Kibiya zai ga hasumiyoyin sadarwa, wasu da farantai masu kama da ganga a jikinsu. Aikin farantin shi ne aika saƙo da gajerun igiyoyin rediyo zuwa ga wani farantin da yake hange kai tsaye. Da yake duniya ƙwallo ce, tazarar da ke tsakanin hasumiya da hasumiya ba ta cika wuce kilomita 50 ba. Da irin wannan hanya kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, ya riƙa haɗa garuruwa ta wayar tarho, kafin wayar salula ta GSM ta zo a 2001. Yanzu wayar gilashi, wadda ake binnewa a ƙasa, ta karɓe kaso mai yawa na wannan aiki. Ra'ayinmu shi ne, duk farantin da aka daina amfani da shi, wajibi ne mai shi ya sauke shi.

Ɗalibi na iya tabbatar da dalilin da alƙalaminsa. Farantin da faɗinsa ya kai mita 3 yana da fili kusan murabba'in mita 7. Idan iska mai gudun kilomita 100 a awa ta buge shi gaba da gaba, za ta tura shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 400 ko kusa da haka. In gudun iskar ya ninka biyu, ƙarfin sai ya ninka huɗu. To, mun san irin iskar da ke zuwa da hadarin farkon damina a ƙasarmu, mai kwashe jinka da kwano. Ga kuma tsatsa tana cin notocin da ke riƙe da farantin, a ƙarƙashinsa kuwa gidaje ne da makarantu da kasuwa.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A birnin Landan na Ingila, a 2011, an sauke tsofaffin farantan hasumiyar BT da aka buɗe a 1965, saboda sun lalace har ana tsoron faɗowarsu.

Sai dai saukewar ba aikin 'yan gwangwan ba ce. Injiniya ne zai fara duba lafiyar hasumiyar, a kashe na'urorin da ke kusa da masu hawa, a kange wurin, a zaɓi ranar da ba iska. Sai an ɗaure farantin tamau da igiya da ƙugiya sannan a kwance noti na farko, a kuma ja shi da wata igiyar daga ƙasa don kada ya bugi ƙarfe yana saukowa.

Masu cewa aikin na da tsada su auna shi da ran mutum guda. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke da alhakin sa ido a kan hasumiyoyin nan. Ya kamata malamai da masu unguwanni su sanar da ita duk farantin da suka ga ya karkace ko ya yi tsatsa, tun da rani, kafin hadari ya haɗo.