Bizar kuku: kafin a sayar da gonar marayu, a karanta wannan

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe. Na san akwai waɗanda za su ji haushina, har a cikin danginmu. To gara a yi fushi da ni yau da a zo ana kuka gobe.

Ranar Asabar da ta wuce Yayata ta kira ni ta ce in zo Kurfi, akwai magana. Na baro Dutsin-Ma bayan la'asar, na iske an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga ta, ga babban ɗanta, ga ƙanen marigayi mijinta. Maganar ita ce za a sayar da gonar da uban yaran ya bari, a haɗa naira miliyan 9, wani mutum zai samo ma yaron bizar aikin kuku a Ingila. Har an riga an tura mashi miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kafin alƙalami, kuɗin shanun huɗarsu guda biyu. Ni an kira ni ne in sa hannu a matsayin shaida, tunda ni ne ɗan bokon gidan.

Yaron nan ba malalaci ba ne, wannan zan shaide shi ko'ina. Shekara bakwai yana girki a wani gidan abinci nan Dutsin-Ma, inda ɗaliban jami'a ke cika. Tun asuba yake hura wuta. Shi kaɗai zai riƙe abincin biki na mutum ɗari uku, shinkafa ba ta caɓe ba, miya ba ta yanke ba. In ana maganar iyawa, ya iya.

Ya miƙo mani waya ya ce, "Kawu, ga takardar da suka turo." Na duba. Hoton takarda ne mai tambarin sarautar Ingila a sama, da sunanshi, da sunan wani otal. Na ce ina ofishin mutumin? Bai sani ba. Ina kuka haɗu? A TikTok, daga nan suka koma WhatsApp. Asusun da aka tura kuɗin fa, na kamfani ne? A'a, sunan mutum ne, kuma ba sunan da yake amfani da shi ba, wai na ƙanenshi ne.

Na ce ba zan sa hannu ba. Ga dalilina, kuma duk mai data a waya zai iya tantancewa a shafin gwamnatin Birtaniya, kyauta.

Tun ranar 22 ga Yuli, 2025, Birtaniya ta canza dokar bizar ƙwararrun ma'aikata. Ta ɗaga matakin aikin da ake karɓa zuwa wanda ya yi daidai da digiri, aikin kuku ya faɗi daga jerin. Wanda ya riga ya shiga da wannan biza kafin ranar zai iya sabuntawa, amma sabon mai nema daga Kurfi ko Kano ko Legas, ƙofar a rufe take. A ranar nan dai suka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, hanyar da 'yan Najeriya da yawa suka bi. Mafi ƙarancin albashin da aka gindaya ma yawancin masu wannan biza ya koma fam 41,700 a shekara. In ka lissafa fam ɗaya a kusan naira dubu biyu, ya haura miliyan 80. Wane mai otal ne a Landan zai biya haka ga wanda bai taɓa gani ba, bai ɗanɗana girkinshi ba, bai ko yi magana da shi ta bidiyo ba?

Ko lokacin da ƙofar take buɗe, takardar ɗaukar nauyi da ake ce ma CoS ba haja ba ce da ake sayarwa a kasuwa. Lamba ce da mai ɗaukarka aiki yake fitarwa a kwamfuta, kuma sai mai lasisi, sunayen masu lasisin duk suna nan a jere a intanet. Kuɗinta a kan mai ɗaukar aikin yake, dokarsu ta hana a ɗora ma ma'aikaci. Don haka duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya ba ka CoS, ɗayan biyu ne: ko ta bogi ce, ko ta gaske ce da aka sayar ta haramtacciyar hanya, ka isa can ka tarar babu aikin. BBC ta yi bincike a 2025 ta nuna yadda dillalai suke wannan ciniki da 'yan Najeriya. Kanada ma, a watan Maris na 2025, ta soke makin da take ƙara ma masu takardar tayin aiki a tsarinta na Express Entry, saboda yadda takardun suka zama abin saye da sayarwa.

Da na gama bayani, Yaya ta dube ni ta ce, "Kai da kake da albashi duk wata, ai ba ka san zafin talauci ba." Ƙanen mijinta ya ce baƙin ciki ne irin na 'yan boko. Wallahi maganar Yaya ta yi mani zafi, don akwai gaskiya a ciki. Gonar nan shekaru ana nomanta da fargaba, wata daminar ma ba a shiga ba saboda 'yan bindiga. Duk wanda yake Kurfi ko Safana ko Ɗanmusa ko Batsari ya san abin da nake faɗa. Yaro ya ga gona ba ta ciyar da gida, ya ga abin da ake ba shi a wurin girki bai kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ba, ya ga buhun shinkafa, ya ga uwarshi. In ya ce zai fita, ban ga laifinshi ba. Bahaushe bai taɓa tsoron tafiya ba. Kakanninmu sun kai goro daga Gwanja, sun taka har Makka da ƙafa, zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. Amma waɗancan da hajarsu suka tafi a kan jaki. Ba su sayar da gadon marayu suka miƙa ma wanda ba su san fuskarshi ba. Gonar nan akwai haƙƙin ƙannenshi huɗu a ciki, biyu ko sakandare ba su gama ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, don ɗan damfara ba ya shiga sai ta ƙofar da muka bari a buɗe.

Mu faɗi gaskiya, wa ke ganin girman namiji mai girki a garuruwanmu? Yaron nan ya nemi aure shekara biyu da suka wuce, aka ce ba za a ba mai dafa abinci ba. Akwai sunan da ake kiran irinsu da shi a bayan ido, kowa ya san shi, ba zan rubuta ba. Mahauta ma da suka riƙe sana'arsu tun kaka da kakanni, da Sarkin Fawarsu da komai, har yau akwai gidajen da ba su haɗa aure da su. Amma mutanen da suka raina shi a Dutsin-Ma su ne yanzu suke cewa a sayar da gona ya je ya yi girkin a Landan. Tukunyar dai ita ce, ludayin shi ne. Wato girki abin kunya ne in naira za a biya, abin alfahari ne in fam ce. Wannan wane irin tunani ne?

Ku duba abin da rainin nan ya jawo mana. Tsire namu ne, kilishi namu ne, yaji namu ne. Daga Legas har Akkara, in dare ya yi aka kunna fitila a bakin titi, ɗan'uwanmu ne tsaye gaban tukuba. Amma da aka zo cin riba a duniya, ina muke? A watan Fabrairun 2024 Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta samu tauraron Michelin da gidan abincinta Chishuru a Landan, baƙar mace ta farko da ta samu haka a Birtaniya. Cikin abin da ta sa a gaban Turawa har da sinasir. Sinasir fa, wanda iyayenmu mata suke soyawa ba wanda ya ce sannu. A 2023 Hilda Baci ta yi girki na awa 93 da minti 11, ta shiga kundin Guinness, ƙasa ta ɗauka. Ban yi masu baƙin ciki ba, Allah Ya ƙara masu. Su sun ɗauki girki sana'a, mu mun ɗauke shi abin da ake yi kafin a samu aiki.

Kuma wannan ne ya kawo mu ga maganar takarda. Akwai ƙasashen da har yanzu suke karɓar kuku, misali Ostareliya, da bizarta mai lamba 482. Amma akwai hukumar tantance sana'o'i, TRA, da za ta iya bin diddiginka. Ina shaidar horon da ka samu? Ina wasiƙar wanda ka yi ma aiki, da ranar da ka fara da irin aikin da kake yi? Ina shaidar an biya ka, takardar albashi ko bayanin banki? Su a wurinsu ma babban kuku mai tsara abinci da lissafin kaya da kula da ma'aikata daban, mai dafawa kawai daban, kowa da lambarshi. Ga jarrabawar Turanci. Ga tambayoyi kan tsafta da yadda ake ajiye nama da kifi kada su lalace.

Na tambayi ɗana, cikin shekara bakwai ɗin nan me kake da shi a rubuce? Babu. Kullum da dare ake damƙa mashi kuɗi a hannu. Ba wasiƙa, ba satifiket, ko hoton girkinshi bai tara ba. A idon mai tantancewa, bai taɓa riƙe ludayi ba. Iyawa muna da ita, takarda ce babu. Shi kuma dillali takarda yake sayarwa wadda babu komai a bayanta. Nan kasuwar tashi take.

Alhali hanyoyin suna nan. Akwai Trade Test na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mataki uku. Akwai jarrabawar NABTEB. Akwai tsarin NSQ a ƙarƙashin NBTE da ke Kaduna, wanda aka yi shi don a auna abin da mutum ya riga ya koya a wurin aiki a ba shi shaida. Akwai NIHOTOUR, makarantar koyon aikin otal da girki, da reshenta a Bagauda ta jihar Kano. Ba na ce da ka riƙe ɗaya daga ciki jirgi zai zo ya ɗauke ka ba. Amma da su ake fara gini, kuma ko ba ka fita ba za su buɗe maka ƙofar manyan otal a Abuja da Kano. Nawa ne cikin matasanmu suka taɓa jin sunansu?

A nan ba zan wanke kaina ba. Mu ma'aikatan gwamnati da 'yan siyasarmu mun saba da abu mai sauƙi. A tara matasa kwana uku a ce an koya masu sana'a, a ɗauki hoto, a raba 'yan kuɗin mota, a rubuta rahoto. Ni kaina na zauna a irin waɗannan tarukan, na tafa. Da rabin abin da ake kashewa a rumfa da kujeru aka biya ma masu girki da masu tsire da masu burodi na Dutsin-Ma da Kurfi kuɗin jarrabawar sana'a, da yau akwai yara masu shaida a hannu. Gari mai jami'ar tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, dubban baki ake ciyarwa kullum, amma masu ciyarwar ba wanda ya san da zamansu.

Masu gidajen abinci, ku ma ku ji tsoron Allah. Ku riƙa biyan yaranku ta banki, ko ku buɗe littafi a riƙa sa hannu. Wanda ya yi maku shekaru ku rubuta mashi wasiƙa. Ba zai rage maku komai ba.

Duk wanda aka yi ma tayin biza, ya yi tambaya huɗu kafin ya taɓa aljihu. Ina sunan wanda zai ɗauke ni aiki, kuma yana cikin jerin masu lasisi? Sana'ar tawa tana cikin jerin da ƙasar ke karɓa yau, ba bara ba? Shi ejan ɗin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago na kai mutane aiki waje? Me ya sa kuɗin za su shiga asusun mutum? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Da muka tura ma namu waɗannan, sai ya ce in ba mu cika kuɗin ba kafin Juma'a za a ba wani gurbin. Da na ce ya ba mu adireshi mu zo da kanmu, sai ya toshe lambata. Mun haɗa rasit da saƙonnin za mu kai ƙara, amma ban yi ma Yaya alkawarin shanun nan za su dawo ba.

Har yanzu ba ta ɗaga wayata. Shi yaron ya zo gida shekaranjiya da dare, ya zauna ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Kawu, wannan jarrabawar da ka ce, nawa ake biya?" Na ce ya bari in bincika, ni zan biya. In bayan shekara biyu ko uku ya tara takardunshi ya samu hanya ta halal, ni zan raka shi filin jirgi.

Don Allah wanda ya san an biya irin wannan kuɗi a gidansu ko unguwarsu, ya faɗa a ƙasa, ba sai ya kama suna ba, don a san girman abin. Wanda kuma ya san inda ake rajistar Trade Test ko NSQ a Katsina, ya taimaka mana da bayani. Ku tura ma iyaye, su ne ake sa wa su sayar da gona.

Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, Ya sa albarka a sana'ar kowa.