Kada Alƙalawa Ta Rasa Ƙugiyarta

Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da aka ci a 1808, tana fuskantar ɓacin suna a kwamfuta. Tsohon tsarin ajiyar taswira, watau Shapefile, yakan raba taswira ɗaya gida uku ko fiye. In ɓangaren da ke fayyace haruffa ya salwanta, sai ƙ da ɗ su rikiɗe. Tun 2018 manhajar QGIS, wadda ake samu kyauta, ta fifita GeoPackage: fayil guda, haruffa cikakku. Wajibi ne ma'aikatan safiyo masu auna ƙasar Sabon Birni da Isa su bi wannan tafarki, domin kuskuren taswira shi ke shiga takardar fili, ya haifar da rigimar iyaka.