Matafiyi ya riƙe layin gida a raye, ya sayi intanet a ƙasar da ya sauka

Duk shekara dubban ƴan Nijar ke tashi zuwa Hajji da Umara, ga ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tahoua da ke kai da komo tsakanin Kano, Lome, Dubai da Guangzhou, ga kuma ɗaliban da ke karatu a Maroko, Aljeriya da Turkiyya. Kowannensu yakan tanadi fasfo da biza da katin rigakafi da guzuri tun da wuri. Maganar intanet ce kawai ake bari sai jirgi ya sauka, alhali a wannan lokacin mutum ya gaji, bai san farashi ba, sau da yawa ma ba ya jin harshen masu sayarwa.

Wannan sakaci yana da tsada, domin a yau salula ta zama rabin takardun tafiya. Tun daga Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya suka wajabta katin Nusuk ga kowane alhaji, kuma akwai kwafinsa a manhajar waya. Da waya iyali ke sanar da matafiyi an tura masa kuɗi, da ita ɗan kasuwa ke nuna wa abokin ciniki hoton kaya kafin ya biya. A Hajjin na 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, Saudiyya ta sanar da mutuwar mutum 1,301. Dattijon da ya ɓace wa tawagarsa a Mina cikin irin wannan rana, inda tantuna suka yi kama da juna, layin da ke aiki na iya zama sanadin tsirarsa.

Hanyoyi huɗu ne a gaban matafiyi. Ta farko ita ce ya ci gaba da amfani da layinsa na Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms a ƙasar waje, abin da ake kira romin. Ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ta fi cinye kuɗi. Dalili shi ne layin yana hawa rezon wani kamfani ne na can, wannan kamfani ya caji na gida, na gida kuma ya ɗora ribarsa ya cire a kiredin mai layi. Idan babu wani forfe na musamman, kowane mega da farashinsa. Waya kuwa ba ta jiran izini: tana sabunta manhajoji, tana sauke hotuna da bidiyon da aka zuba a rukunonin WhatsApp, ko da tana cikin aljihu. Mazauna Birnin Ƙonni da Ɗan Issa sun san wannan matsala ba tare da sun yi tafiya ba, saboda waya kan tsallaka da kanta ta kama rezon Najeriya. Maganin hakan shi ne a zaɓi rezo da hannu a cikin saitin waya.

Hanya ta biyu ita ce sayen layin ƙasar da aka je. A Saudiyya manyan kamfanonin su ne STC, Mobily da Zain, suna da rumfuna a filayen jiragen Jidda da Madina, kuma ana yin rajista da fasfo da zanen yatsa. A nan matafiyi yana biyan farashin ƴan gari, yana kuma samun lambar da direba ko jagoran tawaga zai iya kira kai tsaye. Sharaɗi ɗaya ne: a saya a rumfar kamfani, da sunan mai amfani. Layin da aka saya a bakin titi da rajistar wani ana iya yanke shi kowane lokaci, wanda kuma ya miƙa fasfonsa da yatsansa ga ɗan talla bai san layi nawa aka buɗe da sunansa ba. Masu zuwa Najeriya su ma su sani cewa tun Disambar 2020 ƙasar ta ɗaure rajistar layi da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, saboda haka ofishin kamfani ne wurin tambayar abin da ake buƙata daga baƙo.

Ta uku ita ce eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da an saka kati ba. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly na sayar da shi, ana iya saye tun daga Yamai, a sauka da intanet a hannu. Sai dai ba kowa zai iya ba. Wayoyin iPhone daga samfurin XS na 2018 da manyan wayoyin Samsung suna karɓarsa, amma akasarin Tecno da Itel da ke hannun jama'a ba sa karɓa. Wanda ya danna *#06# ya ga wata lamba mai suna EID, to wayarsa tana iya ɗauka. Ana kuma buƙatar katin banki irin Visa domin biya, sannan yawancin waɗannan layuka intanet ne zalla, babu lambar kira.

Ta huɗu ita ce dogaro da Wi-Fi na otal ko filin jirgi. Kyauta ne, yana da amfani wajen tura bidiyo da daddare, amma ba ya bin mutum zuwa Arfa ko cikin kasuwa, inda aka fi buƙatar waya. Bai kuma dace a buɗe asusun banki a kan Wi-Fi ɗin da kowa ke shiga ba.

Idan aka auna huɗun, shawarar da ta fi dacewa da yawancin matafiyan Nijar a fili take. Kusan duk wayoyin da ake sayarwa a kasuwanni suna ɗaukar layi biyu. A bar layin gida a rami ɗaya, a kashe masa intanet na romin, a bar shi domin karɓar saƙonni kawai. A rami na biyu a saka layin ƙasar da aka sauka, shi ne zai ɗauki intanet da kira. Layin gida shi ne mabuɗin komai, domin ta kansa lambobin sirri na banki da na asusun kuɗi na waya ke shigowa. Asusun WhatsApp kuwa yana nan da lambar gida ko da an saka sabon layi, babu dalilin canza shi. Matsala takan taso ne idan waya ta ɓace ko ta lalace aka sayi wata, domin lambar tabbatarwa layin gida za a aika wa. Wanda ya bar wa yaro layinsa a Tasawa sai ya jira a karanto masa, kuma ta irin wannan ƙofa ce ƴan damfara ke sace asusun mutane.

Akwai wuraren da wannan shawara ke buƙatar gyara. A ƙasar Sin an toshe WhatsApp da Facebook da Google a kan layukan cikin gida, yayin da layin romin ko eSIM na waje kan buɗe su, saboda bayanansa suna bi ne ta rezon da ke wajen ƙasar. Ɗan kasuwar da zai je Guangzhou gara ya shirya wannan tun a gida, ya kuma sauke WeChat, wadda da ita ake ciniki a can. A Dubai saƙon rubutu da na murya suna wucewa a WhatsApp, amma an toshe kira, sai ta manhajojin da aka ba lasisi irin su Botim. Haka kuma mai tafiyar kwana biyu ba lallai ne ya tsaya dogon layin rajista ba, forfen romin na iya isarsa muddin ya san farashin kafin ya tashi.

A nan ne nauyi ya koma kan hukumomi. Bai kamata a bar tsohuwar da ba ta taɓa fita daga ƙauyensu ba ta warware wannan lissafi ita kaɗai a filin jirgin Jidda. Hukumar alhazai ta COHO da kamfanonin jigilar alhazai suna shirya bita kan ayyukan Hajji. Rabin sa'a a kan yadda ake kashe romin, inda ake sayen layi, da rubuta lambar jagora da sunan masauki a takarda, zai rage wahala mai yawa. Ita kuma hukumar ARCEP tana da hurumin tilasta wa kamfanoni su aika wa duk wanda ya tsallaka iyaka saƙon farashi da kuɗin sefa, su kuma tsayar da intanet idan an kai wani adadi har sai mai layi ya amince. Tun da Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu hujjar a ci gaba da aika irin wannan saƙo da Faransanci kaɗai.

Babban maganin dai na siyasa ne. Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta tun watan Yunin 2017. A ƙarshen wannan shekarar CEDEAO ma ta amince da doka makamanciya, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, Nijar kuma ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025. A Nuwambar 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar cire wannan ƙari a tsakaninsu, abin a yaba ne. Amma mutumin Maraɗi da na Magarya da na Ƙonni ya fi zuwa Katsina da Kano da Sakkwato fiye da Bamako. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma auratayya da ciniki ba su taɓa tsayawa a kanta ba. Yarjejeniya tsakanin ARCEP da takwararta NCC ta Najeriya ba ta buƙatar komawa kowace ƙungiya, ƙasashe biyu ne za su zauna su daidaita farashi. Kafin a kai ga haka, matafiyi ya shirya wayarsa a ranar da yake shirya fasfonsa.