Dandalin Sinima: Amaryar Da Ta Sa Baƙin Tufafi

 A wannan mako za mu leƙa ƙasar Faransa, mu duba wani tsohon fim na ramuwar gayya wanda ya fito a shekarar 1968, wanda kuma har yanzu masana harkar sinima ba su daina muhawara a kansa ba. Sunansa da Faransanci La Mariée était en noir, watau amarya tana sanye da baƙin tufafi. Ga al'adar Turawa farar riga ita ce ta amarci, baƙa kuwa ta makoki ce, saboda haka tun daga sunan mai kallo zai gane cewa bikin da za a ba shi labari bai ƙare lafiya ba.

Wanda ya shirya fim ɗin shi ne François Truffaut, wanda aka haifa a birnin Faris a 1932, ya rasu a 1984. Kafin ya fara shirya fim ɗan jarida ne mai sharhin finafinai a mujallar Cahiers du cinéma, kuma an san shi da kaifin alƙalami. Fim ɗinsa dogo na farko, Les Quatre Cents Coups, shi ya ba shi lambar gwanin masu ba da umarni a bikin finafinai na garin Kan a 1959. Wadda ta fito a matsayin amaryar kuwa ita ce Jeanne Moreau, wadda dama sun yi aiki tare a Jules et Jim na 1962. Labarin an ɗauko shi ne daga wani littafi na marubucin Amurka Cornell Woolrich, wanda aka buga a 1940, mutumin da Faransawa suka fi sani da sunansa na aro, William Irish.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wata mata mai suna Julie Kohler ta fito daga coci riƙe da hannun angonta David, wanda suke son juna tun suna yara, ana ta murna ana ɗaukar hoto, sai harsashi ya zo daga wani bene da ke tsallaken titi ya kashe shi nan take a kan matakala. Ta yi yunƙurin faɗawa ta taga ta kashe kanta, mahaifiyarta ta riƙe ta. Daga nan sai ta haɗa kayanta, ta kasa kuɗinta kashi 5, ta rubuta sunayen maza 5 a ɗan littafi, ta yi sallama da gida kamar mai tafiya nesa. Ta shiga jirgin ƙasa ta wannan ƙofa, ta sauka ta waccan, ta kama farauta.

Na farko, Bliss, mutum ne mai son mata, yana cikin shagalin baikonsa ta ɓullo cikin farar riga. Ta ja shi barandar bene, gyalenta ya faɗa can gefe, ta roƙe shi ya ɗauko mata, yana tsallake ƙarfen baranda ta hankaɗa shi ƙasa. Na biyu, Coral, gwauro ne matalauci wanda kaɗaici ya yi wa katutu; ta aika masa da tikitin kallon kiɗa, kashegari ta ziyarce shi da kwalbar barasa wadda ta riga ta zuba wa guba da allura, yana shure-shuren mutuwa ita kuwa faifai na juyawa. Na uku, Morane, mai harin kujerar siyasa ne. Ta aika wa matarsa telgiram na ƙarya cewa uwarta ba ta da lafiya, matar ta tafi, ita kuma ta shigo gidan da sunan malamar makarantar ɗansu. Ta yi musu abinci, ta yi wasan ɓuya da yaron, ta kwantar da shi, sa'an nan ta ce zobenta ya faɗi a ɗan lungun ajiya da ke ƙarƙashin matakala. Maigida ya rarrafa ciki, ta rufe ƙofa, ta liƙe duk wata kafa da iska za ta bi. Na huɗu a jerinta, Delvaux, dillalin tsofaffin motoci, 'yan sanda suka riga ta, suka kama shi kan wani laifi dabam tun kafin ta ɗana kunamar bindiga. Na biyar, Fergus, mai zane ne. Ta je masa a matsayin wadda za ta tsaya ya zana, riƙe da baka da kibiya, kuma da wannan kibiya ta kashe shi.

To, ina ruwan Alfred Hitchcock da wannan labari? Amsa ita ce hannunsa yana ko'ina a ciki, ko da yake bai taɓa fim ɗin ba. A zamanin da masu sharhi na Amurka suke ɗaukar Hitchcock a matsayin mai nishaɗantar da jama'a kawai, Truffaut da abokansa na Cahiers du cinéma suka dage cewa babban malami ne wanda ya cancanci a yi nazarinsa. A 1962 Truffaut ya tafi Holiwud ya zauna da shi kwana da kwanaki, wata mata Helen Scott tana yi musu tafinta, suka bi finafinansa ɗaya bayan ɗaya. Wannan hira ita ta zama littafi a 1966. Shekara biyu bayan fitowar littafin sai ga wannan fim, watau almajiri ya gama ɗaukar karatu, ya zo ya gwada hannunsa.

Babban darasin da ke cikin wannan hira shi ne bambanci tsakanin razana da zullumi. Hitchcock ya ba da misali da mutane biyu suna hira a tebur alhali akwai bom a ƙarƙashinsa. In mai kallo bai san da bom ɗin ba, zai zauna yana hamma har ya fashe, ya razana na ɗan lokaci, shi ke nan. Amma in an nuna masa bom ɗin tun farko, aka kuma nuna masa agogo, to, ko hirar banza suke yi zuciyarsa za ta yi ta bugawa, yana ji kamar ya yi musu ihu su tashi. Abin nufi, sanin da aka ba mai kallo shi ke hana shi sakat.

Da wannan ma'auni Truffaut ya yi wa littafin Woolrich gyara mai girma. A littafin, sai a ƙarshe ake buɗe asiri, mai karatu ya tarar cewa matar ta yi kuskure, mutanen da ta kashe ba su ne suka harbe mijinta ba. Wannan dabara ce ta razana. Truffaut ya jefar da ita. Tun ana tsakiyar fim, daga bakin Morane yana cikin lungu yana roƙon rai, aka gaya mana duk abin da ya faru: su 5 abokai ne masu son farauta da neman mata, suna zaune a ɗaki suna sha suna wasa da bindiga, suna auna ta ta taga, sai ta tashi a hannun ɗayansu. Suka watse, suka yi alkawarin ba za su ƙara haɗuwa ba. Daga wannan lokaci ba sauran tambayar wane ne ko don me. Abin da ya rage shi ne yaya za ta yi, kuma yaushe, kuma ko wani zai gane ta kafin ta gama. Julie kanta ita ce bom ɗin da ke ƙarƙashin tebur, mu mun sani, su ba su sani ba.

Akwai wasu alamun kuma. Shi wannan Woolrich daga gajeren labarinsa ne Hitchcock ya shirya Rear Window a 1954. Kiɗan fim ɗin kuwa na Bernard Herrmann ne, wanda ya yi wa Hitchcock kiɗan Vertigo a 1958 da Psycho a 1960, kafin su ɓata a 1966 kan kiɗan Torn Curtain. Truffaut ya ɗauke shi aiki a Fahrenheit 451 a wannan shekara, ya sake kiransa a wannan karo. Faɗowa daga wuri mai tsawo, da abin sha mai guba wanda kyamara ke bi a hankali kamar yadda aka yi a Notorious na 1946, da mace mai sauya kama da suna daga gari zuwa gari kamar ta cikin Marnie na 1964, duk waɗannan kayan aikin malamin ne almajiri ya ara.

Amma fa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Hitchcock mutum ne mai tsara komai daki-daki, ba ya ɓata minti a kan abin da ba zai ƙara fargaba ba. Truffaut kuwa mutane ne suke ba shi sha'awa, shi ya sa yakan manta da bom ya tsaya sauraron hirar da ake yi a tebur. Kowane ɗaya daga cikin mazan nan an ba shi lokaci ya nuna halinsa, kuma kowannensu ta ƙofar rauninsa Julie ta shiga. Bliss girman kai ya ja shi, don yana ganin ba macen da za ta gan shi ba ta so shi ba. Coral yunwar a kula da shi ce ta kashe shi, har mai kallo yakan ji tausayinsa ya rasa inda zai sa kansa. Morane ya ɗauka duk mace a gida mai hidima ce, bai ko tsaya ya tantance wadda ya bar wa ɗansa ba. Fergus kuwa son ta ya yi da gaske, har ya zana surarta a bangon ɗakin kwanansa, kuma a nan ne kaɗai muka ga hannunta ya yi nauyi. Ba wanda ya tambaye ta ko ita wace ce don yana son ya sani. Kowa abin da yake mafarki ya gani a fuskarta. Tufafin da Pierre Cardin ya ɗinka mata ba su wuce fari da baƙi ba, ango da makoki suna tafe tare a jikinta.

A nan ne maganar ta yi nauyi. Hausawa kan ce rama cuta ga macuci ibada ne, kuma masu zuwa sinima sun saba da finafinan Indiya irin su Sholay na 1975, inda mugu yake mugu tsantsa, in an yi maganinsa kowa ya tafa. Wannan fim bai ba mu wannan sauƙi ba. Mutanen nan ba su yi niyyar kisa ba, sakaci ne da wauta, sa'an nan tsoro ya sa suka gudu. Ɗaya ne bindiga ta tashi a hannunsa, amma 5 aka yanke wa hukunci, kuma mai ƙara ita ce alƙali ita ce hauni. Duk da haka, sa'ad da 'yan sanda suka kama Delvaux, mai kallo yakan ji haushi a ransa cewa an katse mata aiki. Sa'ad da Corey, abokin Bliss da Fergus, ya fara tunanin inda ya taɓa ganin fuskarta, mai kallo yakan yi fatan kada ya tuna. Wannan ita ce dabarar da Hitchcock ya fi ƙwarewa a kai, ya sa mutumin kirki ya zauna a duhu yana goyon bayan mai laifi, bai ankara ba sai an kunna fitila. Truffaut ya ƙara mana dalilin bin ta, don da aka kama malamar makaranta ta gaskiya kan kisan Morane, Julie ta buga wa 'yan sanda waya ta wanke ta. Tana da iyakar da ba ta ƙetarewa, amma limamin cocin da ta je wa ikirari ya nuna mata cewa ba a gina soyayya a kan kisa, ta fita ba ta sauya ba.

Ƙarshen fim ɗin shi ne wurin da almajiri ya yi abin da malami zai yi alfahari da shi. Julie ta yanke fuskarta daga zanen Fergus don ta ɓatar da sawu, amma da ta ga na bango sai ta bar shi. Ta halarci jana'izarsa ta bari aka kama ta, ta amsa laifin kashe mutum 4, ta ƙi faɗin dalili. Mai kallo yakan ɗauka ta gaji ne. Ashe kurkukun da aka kai ta nan Delvaux yake tsare. Ta samu aikin raba wa fursunoni abinci, ta ɓoye wuƙa a amalanken, ta tura shi ta sha kwana. Kyamara ta tsaya cik tana kallon dogon lungu, ba kowa, sai aka ji ihu guda, sa'an nan kiɗan tafiyar ango da amarya na Mendelssohn ya tashi. Ba a nuna ko ɗigon jini ba, amma ba wanda zai fita bai ga kisan a zuciyarsa ba.

Fim ɗin ba ya rasa aibi. Ba a taɓa gaya mana yadda Julie ta gano sunayen mutanen da 'yan sanda suka kasa ganowa ba. Truffaut da mai ɗaukar hotonsa Raoul Coutard sun yi ta saɓani a wurin aiki, masu sharhi da dama a Faransa ba su yaba ba, shi kansa daga baya ya nuna bai gamsu da shi ba. Amma 'yan kallo sun karɓe shi, kuma a 1969 ya sake komawa ga Woolrich ya shirya La Sirène du Mississipi. Da Quentin Tarantino ya fito da Kill Bill a 2003, labarin amaryar da aka ɓata wa biki tana bin sunaye 5 tana sokewa, mutane da yawa suka tuna da Julie Kohler, ko da yake shi ya ce bai taɓa kallon fim ɗin Truffaut ba.

Shawarata ga masu sha'awar rubuta labari ko shirya wasan kwaikwayo ita ce su nemi wannan fim su kalla sau biyu. A karo na farko su bi labari. A na biyu su lura da lokacin da ake gaya wa mai kallo kowane sirri, da abin da ake nunawa, da abin da ake bari a bayan ƙofa. Sa'an nan su tambayi kansu a wane wuri ne suka fara yi wa Julie fatan nasara, kuma ko mutum kamar Coral ya cancanci abin da ya same shi. Masu karatu da suke da ra'ayi a kan wannan tambaya suna iya aiko mana da wasiƙa, za mu buga a wannan fili.

Sai mako mai zuwa.