Koyon Tuƙin Mota Mai Giya: Filin Idi Bai Isa Ba

Duk wanda ya bi ta gefen filin idi ko filin ƙwallo a Kano, ko Zariya, ko Katsina da yammacin Asabar, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwar mota tana kewaya filin, tana tafe tana zabura kamar doki mai tutsu. A ciki ɗan koyo ne ya rungume sitiyari, kusa da shi kuwa wansa ne ko direban gidansu, yana ta maimaita masa: "Saki kuloci sannu, ba ta wuta kaɗan." Bayan mako biyu ko uku, idan yaro ya iya tayar da mota ba ta mutu ba, ya kuma kai ga giya ta uku, sai a ce ya iya, a miƙa masa makulli. Ra'ayin da wannan maƙala ke ɗauke da shi shi ne, abin da yaron nan ya koya motsa mota ne kawai, tuƙi kuwa yana can yana jiransa a kan titi, kuma bai kamata a bar shi ya je ya same shi shi kaɗai ba.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bayyana abin da ƙafar hagu ke yi, domin a nan wahalar take. Inji yana juyawa ne ba tsayawa muddin mota na kunne, tayoyi kuwa dole su tsaya duk lokacin da aka taka birki. Kuloci shi ne mai shiga tsakani. Idan aka taka shi ƙasa, ya raba inji da akwatin giya. Idan aka sake shi, faifansa ya manne, ƙarfin inji ya isa ga tayoyi. Tsakanin takawa da sakewa akwai wani ɗan wuri, wanda bai fi faɗin yatsu biyu ba, inda faifan ke fara kamawa. Wanda ya wuce wurin nan da sauri, nauyin mota ya rinjayi inji, mota ta mutu. Wanda ya daɗe a kansa yana ba da wuta, faifai ya yi ta gogayya har ya ɗauki zafi. Ba a gane wurin da ido, kuma ba a gane shi da bayanin malami. Tafin ƙafa da kunne su ke gane shi, kuma kowace mota da inda nata yake.

To, a fili ɗan koyo yakan nemi wurin nan sau ɗaya, ya tashi, ya yi ta kewayawa. A titin Murtala Muhammad kuwa, ko a bakin Kantin Kwari da azahar, zai neme shi sau hamsin kafin ya ci rabin kilomita, kuma ba zai neme shi cikin natsuwa ba. Ga mai adaidaita sahu ya cusa hancin kekensa ta dama, ga mai kura ya tokare hagu da lodin atamfa, ga yaro mai tallar ruwa ya gifta, ga bas a baya direbanta ya kwanta a kan oda. Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a Kano a shekarar 2013, keke mai ƙafa uku ya cika titunan birnin, shi kuwa abu ne mai tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, ba tare da ya sanar da na bayansa ba. A irin wannan hali dole hankalin direba ya kasance a waje baki ɗaya, ƙafafunsa da hannunsa su yi aikinsu ba tare da ya tuna da su ba. Ɗan koyon da har yanzu yake sunkuyawa ya duba inda giya ta biyu take, ya ɗauke idonsa daga titi ke nan, kuma daƙiƙa biyu sun isa.

Daga nan ne wata mummunar ɗabi'a ke samun gindin zama. Saboda tsoron kada mota ta mutu a yi masa dariya, sai ɗan koyo ya ɗora ƙafa a kan kuloci ya ƙi ɗagawa, yana tafiya da rabinsa cikin cunkoso. Mota ba za ta mutu ba, gaskiya ne, amma bayan 'yan watanni za a fara jin warin ƙuna, a taka totur inji ya yi ƙara mota ba ta ja ba, sai gareji. Canja faifan kuloci ba ƙaramin aiki ba ne, don sai bakanike ya sauke akwatin giya tukuna. Da an zauna da yaron cikin gosulo tun farko, da an koya masa ya bar ɗan rata tsakaninsa da na gaba, ya saki kuloci gaba ɗaya a giya ta ɗaya mota ta yi ta rarrafe da kanta, idan tsayuwa ta yi tsawo kuma ya mayar da giya furi ya huta da ƙafarsa. Fili ba shi da na gaba, balle a koyi barin rata.

Akwai kuma batun hawa. Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, direbobinta na da suna iya shekara ba su tsaya a kan tudu ba, sai fa in tafiya ta kai su Jos. Gadojin sama da aka gina a 'yan shekarun nan, irin ta Ƙofar Nasarawa, sun kawo tudu har tsakiyar gari. Idan cunkoso ya tsayar da mutum a kan hawan gada, da ya ɗaga ƙafa daga birki mota za ta fara zamewa baya, na bayansa kuwa ya matso har ba masaka tsinke. Dabarar ba ta da wuya: a ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, a saki kuloci har a ji gaban mota ya ɗan ɗaga, sa'an nan a sauke birkin a hankali. Amma wane ne zai koya wa yaro wannan a filin idi? Wasu direbobin da suka shekara goma a kan titi ma ba su san birkin hannu yana da wani amfani ban da ajiye mota ba.

Gangara ta fi hawa haɗari. Da yawa daga cikin direbobin haya sun gaji al'adar sakin mota a furi idan sun zo gangara, wai don a rage shan mai, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 hujjar ta ƙara ƙarfi a bakinsu. Alhali kuwa motar da ke cikin giya, injinta yana riƙe ta. Wadda ke furi kuwa, nauyinta duka yana kan birki, shi kuma birki in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da ake nufi. Daɗin daɗawa, injunan zamani masu allurar mai suna yanke man ne gaba ɗaya idan aka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya, watau mai furi bai ma tsira da man da yake zato ba. Ɗan koyon da ya ga malaminsa yana haka, shi ma haka zai yi har tsufansa.

Wani zai ce, ina ruwan mutum da wannan wahala duka, ga motoci masu canja giya da kansu sun cika kasuwa? Lalle mai kuɗin sayen irinsu don kansa yana da zaɓi. Sai dai mafi yawan matasan da ke koyon tuƙi a ƙasar Hausa abinci suke nema da shi, motocin neman abinci kuwa, daga bas da akori-kura zuwa tifa, galibinsu masu giyar hannu ne, kamar yadda Peugeot 504 ta kasance tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Bakaniken ƙauye ya san cikinsu, kuma in batir ya mutu a daji ana tura su su tashi. Wanda ya iya mai giya, rana ɗaya ta ishe shi ya saba da ɗayar. Wanda ya fara da ɗayar kuwa, sabon ɗan koyo ne ranar da aka ba shi mai ƙafa uku.

Wani kuma zai ce, ai jefa ɗan koyo cikin cunkoso ganganci ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba a ce a ɗauko yaro ranar farko a kai shi shataletale ba. Fili yana da aikinsa na kwana uku ko huɗu. Daga nan sai layin unguwa bayan sallar asuba, sai babban titi da hantsin Lahadi, sai danja, sai gada, sai kasuwa, kowane mataki da ƙwararren direba a gefe, hannunsa kusa da birkin hannu, da jan harafin L gaba da baya. Ɗan koyo zai shiga cunkoso ko ana so ko ba a so. Abin da ake da iko a kai shi ne ko zai fara shiga da malami ko shi kaɗai. Tsofaffin direbobi sun fahimci haka. Yaron mota yakan yi shekaru yana bin ubangidansa, yana kallon titi daga gidan gaba, yana jin lokacin da inji ke neman giya, kafin a bar shi ya gyara wa mota tsayuwa a tasha. Tsarin yana da aibinsa, don sau da yawa yaro ba ya sanin alamun hanya, kuma yakan kwashi miyagun ɗabi'un ubangida tare da nagarin. Amma titi ba ya zame masa baƙo ranar da ya kama sitiyari.

Doka ta yi nata ƙoƙarin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shardanta cewa mai neman lasin karo na farko ya kai shekara 18, ya bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, a kuma gwada shi. Abin da ya rage shi ne gwajin ya zama na gaske. Kewaya duwatsu huɗu da ja da baya a harabar ofis ba su nuna komai game da mutumin da gobe zai ɗauki fasinja 18. A fitar da shi titi, a tsayar da shi a kan hawa, a ga yadda zai tashi.

Sauran laifin na waɗanda suka riga suka iya ne. Motar ɗan koyo ta mutu a danja, kafin ya miƙa hannu ga makulli oda ta tashi daga ko'ina, wani ya leƙo ta taga yana cewa, "Malam, in ba ka iya ba ka ajiye musu kayansu!" Yaro ya ruɗe, ya saki kuloci da ƙarfi, mota ta sake mutuwa, ko kuwa ta zabura ta daki na gaba. Tayar da motar da ta mutu bai wuce daƙiƙa biyar ba in an ƙyale mai ita. Masu odar nan sukan mayar da shi minti uku, su kuma tsaya a wurin tare da shi har danja ta sake yin ja.