Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Rubuta Manhaja da Harshen Go



Ina so in ja hankalinku kan wata ɓarna da ke laɓewa a bayan gwajin da ya ce komai lafiya.

Harshen Go, wanda Google ya fitar a 2009, ya sauƙaƙa mana tayar da ƙananan ayyuka masu gudana lokaci guda, wato goroutine. Kowanne da 'yan kilobayit kacal na ƙwaƙwalwa yake farawa. Wannan arhar ce ke jefa mu cikin sakaci.

Ga yadda abin kan faru. Kun aiki goroutine ya ɗauko amsa daga wata saba, ya miƙo ta ta bututun saƙo marar ma'aji. Wa'adin jira ya cika, mai aiken ya yi gaba abinsa. Da amsa ta iso babu mai karɓa, sai ɗan aike ya tsaya cak, riƙe da duk abin da ke hannunsa. Mai kwashe shara na Go ba ya taɓa irinsa. Gwaji kuwa ya wuce sumul, domin da ya ƙare shirin ke mutuwa, asiri ya rufu. Sai a kan sabar da ta kwashe watanni tana aiki ƙwaƙwalwa za ta cushe, ai da yayyafi kogi kan cika.

Don haka ku sa kowane gwaji ya ƙirga 'yan aikensa kafin ya tashi. Kamfanin Uber ya saki goleak saboda wannan aiki. Ku rubuta defer goleak.VerifyNone(t) a farkon gwaji. Idan an kammala, zai duba duk goroutine da suka rage, ya ɗan saurara wa masu shirin fita, sannan ya kayar da gwajin, ya nuna layin da kowanne ya maƙale. In gwaje-gwajenku na gudu tare ta t.Parallel, ku koma ga VerifyTestMain, kada a ɗora wa wani laifin maƙwabcinsa. Kada kuma ku dogara da -race. Rububin taɓa bayanai yake kamawa, ba maƙalewa ba. Go 1.25 na Agustan 2025 ya zo da testing/synctest, wanda ba ya sallamar gwaji sai goroutine ɗinsa sun fita duka.

Babban roƙona shi ne, ran da goleak ya yi ƙara, kada ku toshe masa baki da IgnoreTopFunction, sai fa idan aikin na laburaren wasu ne da ba ku da iko a kansa. Ku bi ɓarakar har tushe: ku ba bututun ma'aji na saƙo ɗaya, ku sa goroutine ya saurari ctx.Done(), ku kira cancel, ku rufe resp.Body, ku jira kowa da sync.WaitGroup.

Duk wanda ya tayar da goroutine, alhakin tsayar da shi na wuyansa. Wajen duba aikin juna, ku tambayi mai shi: wa zai dakatar da wannan, kuma yaushe? In babu amsa, aikin bai kai a haɗe shi ba.

Allah ya yi mana jagora.

Naku a sana'a,
Wani mai rubuta manhaja